Bargon Jiragen Sama: Kyautar da Ba a Samu a Kanti

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya walimar bankwana a wata ma'aikata a Abuja ya san inda zance ke cijewa. An yi karo-karo, kuɗi sun taru, sai a tsaya ana kallon juna: me za a bai wa mutumin da ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai 60 da haihuwa? Daga ƙarshe a koma ga agogon bango ko allon yabo, irin wanda aka miƙa wa magabacinsa. Idan mai ritayar a harkar jiragen sama ya ƙare ƙuruciyarsa, akwai wata kyauta da matan Amurka suka daɗe da sani, wato bargon da ake haɗawa daga ƙyallaye, a jera masa siffar jirage.

Haɗa bargo da guntayen yadi tsohuwar sana'ar gida ce a Amurka. Jirgi ya samu wuri a cikinta ne bayan watan Mayun 1927, lokacin da Charles Lindbergh ya tuƙa jirginsa Spirit of St. Louis shi kaɗai daga New York zuwa Paris cikin sa'o'i 33 da rabi ba tare da ya yada zango ba. Ƙasar ta ɗauki murna, jaridu da mujallun manoma suka shiga buga taswirar ɗinki mai siffar jirgi. Da tattalin arziki ya karye a 1929, mata suka koma yanka buhunan gari da tsofaffin riguna, har yaron da bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba ya riƙa kwana lulluɓe da jirage.

Bargon hawa uku ne: fuska, ciko da shafi. A fuskar aikin yake. Ana yanka ta murabba'i-murabba'i, galibi inci 12 kowanne, a ɗora jirgi guda a kai: doguwar tsiri ta zama gangar jiki, wata ta gitta ta zama fukafukai, ƙanana biyu su zama jela da farfela. Murabba'i 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, sun isa bargon yaro. Na babba yakan ci 30, biyar a faɗi shida a tsawo. Ana barin rubu'in inci a bakin kowane ƙyalle saboda ɗinki, a bi kowane layi da guga kafin a haɗa na gaba. Wanda ya yi sakaci da wannan, a ƙarshe zai tarar kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, fukafukai sun karkace.

Bayan an gama fuska sai a shimfiɗa shafi, a ɗora ciko, a rufe da fuskar, a kakkafa fil, sannan a bi da zare daga tsakiya zuwa gefe don kada yadi ya tattare. A yanayin Abuja ciko mara kauri na auduga ya fi dacewa, domin sanyin hunturu ba ya daɗewa. Wajibi ne kuma a wanke atamfa da shadda tun kafin a sa almakashi, saboda wata tana zuba, wata tana tsukewa.

Kayan aikin ba sa wuya. Teloli a kasuwannin Wuse da Garki kullum suna share guntaye. Abin da za a zana ma muna da namu. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Kwalejin horar da matuƙa ta Zariya tana nan tun 1964. Kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003, ya bar wa tsofaffin ma'aikatansa launin kore da fari da tambarin giwa mai fukafukai, abin da har gobe suke ganewa daga nesa.

Darajar kyautar tana ƙaruwa idan aka sa tufafin mutumin a ciki: farar rigar aikinsa ta zama gajimare, ankon bikin 'yarsa ya zama fiffike. Sai dai a nemi izinin iyalinsa tukuna, domin rigar da aka yanka ba ta komawa. A ƙarshe a ɗinka ɗan ƙyalle a bayan bargon mai ɗauke da sunansa, shekarun aikinsa da sunayen waɗanda suka ba shi.

Tsadar wannan kyauta lokaci ce. Mai ɗinka murabba'i ɗaya kowace yamma bayan tashi daga ofis zai shafe wata guda kafin ya gama fuskar bargon babba kaɗai. Amma ranar ritayar ma'aikaci sananniya ce tun daga ranar da ya kama aiki. Kwamitin da ke son bayar da irin wannan bargo sai ya duba kalanda tun da wuri, kada ya bari sai saura mako guda.