Fela Kuti: Yadda 'ya'yansa ke tuna uban da ya ƙi yarda a sa masa linzami

Duk watan Oktoba, masoya kiɗan Afrobeat kan yi mako guda suna cika unguwar Ikeja da ke Legas domin bikin Felabration. Yeni, babbar 'yar Fela Anikulapo Kuti, ita ta ƙirƙiro bikin a 1998, shekara ɗaya bayan rasuwar mahaifinta, kuma an zaɓi watan ne saboda a ranar 15 ga Oktoban 1938 aka haife shi a Abeokuta. Jama'a na tuna mawaƙin da bai ji tsoron sojoji ba. 'Ya'yansa kuwa na tuna uban da suka sha zaƙi da ɗacin halinsa a cikin gida.

Fela ɗan gidan boko ne. Mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta, 'yan'uwansa Olikoye da Beko likitoci. Shi kuwa da ya tafi Landan a 1958, kiɗa ya karanta a kwalejin Trinity. Daga baya ya yar da sunan Ransome, yana cewa na bayi ne, ya ɗauki Anikulapo, wato wanda ya sa mutuwa a aljihu. Ya raɗa wa gidansa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce gwamnati ba ta da iko a cikinsa. A 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya.

Iyalinsa ne suka fi kowa jin jiki. A watan Fabrairun 1977, bayan fitowar faifansa na Zombie da ya yi wa sojoji shaguɓe, dakaru suka far wa Kalakuta, suka ƙona gidan, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga tagar bene. Ta rasu a 1978. Yeni da ƙanenta Femi ba su kai shekara 20 ba a lokacin. Da gwamnatin Janar Buhari ta ɗaure Fela a 1984 kan zargin fita da kuɗin ƙasashen waje, Femi mai shekara 22 ne ya riƙe ƙungiyar makaɗan har aka sako uban a 1986. A shekarar ce kuma ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar, Positive Force. Abin bai yi wa Fela daɗi ba, kuma an ɗauki shekaru kafin su shirya.

Fela ya rasu ranar 2 ga Agustan 1997 yana da shekara 58. Yayansa Farfesa Olikoye, tsohon ministan lafiya, shi ya fito fili ya ce cutar ƙanjamau ce ajalinsa, a zamanin da iyalai ke ɓoye irin wannan magana. Fela bai yarda da cutar ba, bai kuma yarda da maganin asibiti ba. Wannan halin ne Femi ya ƙi gada: ya yi waƙar faɗakarwa kan ƙanjamau, kuma a 2002 hukumar UNICEF ta naɗa shi jakadanta.

Abin da suka riƙe shi ne kiɗa da faɗin gaskiya ga masu mulki. Seun yana ɗan shekara 14 ya karɓi ragamar ƙungiyar Egypt 80, har yau yana jagorantar ta. Femi da Yeni suka gina gidan kiɗa na New Afrika Shrine a 2000. A 2012 aka mayar da gidan Fela na ƙarshe gidan tarihi da tallafin gwamnatin Jihar Legas, inda ake ajiye tufafinsa da takalmansa, kabarinsa kuma na harabar gidan. A 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci Shrine, wurin da ke ɗauke da sunan dandalin da Fela ya saba caccakar shugabanni a cikinsa.

Yanzu gadon ya kai ga jika. Femi ya tura ɗansa Made ya karanta kiɗa a Trinity, makarantar da kakansa ya yi, sannan a 2021 uba da ɗa suka fitar da faifai tare mai suna Legacy+.