Rundunar Eurisko da Muhawarar Asalin Halittu

A farkon watan Yulin 1981 aka taru a garin San Mateo na jihar Kalifoniya, a Amurka, domin gasar wani wasan dabarun yaƙi mai suna Traveller. Da takarda da fensir ake yin wasan, da 'yar ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta ludo. Ana ba kowane ɗan wasa kasafin tiriliyan ɗaya na kuɗin wasa, a ce ya tsara rundunar jiragen yaƙin sararin samaniya bisa ƙa'idoji masu cin shafuka da yawa: nawa zai kashe a kan sulke, nawa a kan makamai, nawa a kan inji da man tafiya. Daga nan sai a riƙa haɗa runduna biyu-biyu, wadda aka cinye ta fita.

Yawancin 'yan wasan sun zo da abin da hankali zai kawo, wato jirage kimanin 20, manya da matsakaita, masu gudu, masu daidaiton sulke da makami, kamar dai rundunar ruwa ta kowace ƙasa. Sai ga wani matashin malamin Jami'ar Stanford, Douglas Lenat, wanda bai taɓa buga wasan da kowa ba, ya shigo da jirage 96, galibinsu masu nauyin tafiya, an lafta musu sulke da tarin ƙananan makamai. Da farko dariya aka yi masa. Kafin a watse shi ne zakara.

Ba shi kaɗai ya tsara rundunar ba. Yana da wata manhaja da ya rubuta, ya raɗa mata suna Eurisko, kalmar Girkanci mai nufin "ina ganowa". Labarin wannan manhaja nake so mu duba, domin yana haska wata muhawara da ta fi wasa nauyi nesa ba kusa ba: shin tsari mai aiki zai iya samuwa ba tare da wani ya zauna ya zana shi ba?

Yadda aka yi renon rundunar

Lenat ya shigar da ƙa'idojin wasan cikin kwamfuta, ya kuma ba manhajar wasu 'yan dabarun lalube, irin su "gwada abin da ya wuce iyaka" ko "idan sauyi ya yi amfani, ƙara shi". Dare bayan dare Eurisko tana ƙirƙiro runduna, ta ɗan sauya mata wani abu, ta haɗa ta faɗa da wata, ta ajiye wadda ta yi nasara, ta watsar da wadda ta faɗi. Ba jiragen kaɗai take sauyawa ba, har dabarun laluben nata tana yi musu kwaskwarima. Da safe Lenat ya zo ya duba abin da aka kwana ana yi, ya cire shirme, ya bar mai ma'ana.

Abin da ya fito daga wannan tankaɗe da rairaya shi ne hujjar karin maganar nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji, kuɗin da ake kashewa domin jirgi ya yi gudu asara ce. Gara a tara jirage masu yawa su tsaya wuri guda suna ɓarin wuta. Ko da abokin gaba ya hallaka da dama daga cikinsu, nasa za su riga ƙarewa. Manhajar ta kuma gano amfanin wani ɗan ƙaramin jirgi guda, marar makami, mai zille-zillen da harbi ba ya samun sa. Muddin yana fili ba a ce an gama yaƙi ba, sauran kuwa sun samu sararin ja da baya su yi gyara.

Masu shirya gasar ba su ji daɗi ba, sai suka sauya ƙa'idoji kafin gasar 1982, ta yadda saurin motsin runduna baki ɗaya ya zama abin lura. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tunda jirgin da aka raunata shi ke jan ƙafar 'yan'uwansa, Eurisko ta samo mafita mai tayar da tsigar jiki: runduna ta harbe nata jirgin da ya samu rauni, sauran su ci gaba da gudu. Lenat ya sake lashe gasar. Aka shaida masa cewa idan ya dawo ya ci karo na uku za a soke gasar ɗungurungum, shi kuwa ya janye.

Agogon Paley da tarkon ɓeran Behe

Yanzu mu ajiye jirage, mu koma Ingila ta 1802. A shekarar ce malamin coci William Paley ya kawo misalin da har yau ake juyawa. Idan mutum yana tafe a daji ya yi tuntuɓe da agogo, ya ga yadda haƙoransa ke cizon juna, ba zai ce haka kawai ya samu kansa ba, zai ce akwai maƙeri. Ido da kunne da fiffike, in ji Paley, sun fi agogo tsari. A 1859 Charles Darwin ya kawo wani bayani: 'ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu sak, ana haihuwar fiye da abin da muhalli zai iya ɗauka, kuma waɗanda ɗan bambancinsu ya dace da muhallin su suka fi barin zuriya. Idan aka maimaita haka tsawon miliyoyin shekaru, ƙananan sauye-sauye kan taru su zama babban tsari. Wannan shi ake kira juyin halitta.

A ƙarshen ƙarni na 20 hujjar Paley ta dawo da sabuwar riga a Amurka, da sunan "tsarin mai basira". Masanin sinadaran jiki Michael Behe ya wallafa littafinsa Darwin's Black Box a 1996, inda ya ce akwai sassan halitta da ba za su ginu kaɗan-kaɗan ba, domin in an cire yanki guda komai ya tsaya, kamar tarkon ɓera da aka zare wa waya. Babban misalinsa shi ne 'yar wutsiyar da wasu ƙwayoyin bakteriya ke juyawa kamar farfela don yin iyo. Masu sukarsa, irin su Kenneth Miller na Jami'ar Brown, suka amsa cewa yanki na iya yin wani aiki dabam tun kafin a haɗa shi cikin sabon tsari, suka nuna cewa wasu sassan wutsiyar suna kama da na wata 'yar allura da bakteriya ke amfani da ita wajen zuba dafi.

Rigimar ta kai kotu a 2005, bayan hukumar makarantun garin Dover a jihar Fensilbeniya ta wajabta a karanta wa ɗalibai sanarwar da ke gabatar da tsarin mai basira a darasin nazarin halittu. Iyaye 11 suka kai ƙara. A ranar 20 ga Disamba, Mai Shari'a John Jones ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa wannan ra'ayi ba kimiyya ba ne, kuma koyar da shi a makarantar gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka. Abin da mutane ke mantawa shi ne, alƙalin ya bayyana cewa kotu ba ta ɗauki matsayi a kan ko ra'ayin gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Abin da ta yanke shi ne ba a ajin kimiyya muhallinsa yake ba.

Kowa na jan rundunar zuwa gidansa

To, ina Eurisko ta shigo? Mai goyon bayan Darwin zai ce ga shaida ƙarara: babu ɗan'adam ɗin da ya zana dabarar jirage 96, balle ta harbe jirginka da hannunka, gwaji da zaɓe ne suka haife su. Zai ƙara da eriyar da masanan hukumar NASA suka samar ta irin wannan hanya, aka harba ta sama a 2006 a jikin taurarin ɗan'adam na shirin ST5. Kamanninta kamar guntuwar wayar da yaro ya lanƙwasa, ba injiniyan da zai zana ta haka, amma ta yi aikin da ake nema. Zai kuma kawo AlphaStar, manhajar kamfanin DeepMind mai buga StarCraft II, wani wasan yaƙin sararin samaniya na kwamfuta. An fara koya mata daga wasannin mutane, sannan aka saki kwafe-kwafenta suna gwabzawa da juna, wasu ma aikinsu kawai laluben raunin 'yan'uwansu. A 2019 ta kai matakin da ya zarce kashi 99.8 cikin ɗari na 'yan wasan da ke kan jadawali.

Mai goyon bayan tsarin mai basira kuwa zai yi murmushi ya ce: wa ya rubuta ƙa'idojin wasan? Wa ya ƙera kwamfutar? Wa ya faɗa wa manhajar abin da ake kira nasara? Wa ke zuwa kowace safiya yana tsince shirme? Shi kansa Lenat ya ƙiyasta cewa kashi 60 na nasarar tasa ce, 40 ta Eurisko. Wannan ita ce irin hujjar da William Dembski ya daɗe yana kawowa, cewa mai rubuta manhaja yakan cusa amsar ta bayan fage.

A ganina kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma kowannensu yana neman ya wuce gona da iri. Wasan ya warware tambaya ɗaya ƙarama amma muhimmiya. Iƙirarin cewa gwaji da zaɓe ba sa iya haifar da sabon tsari mai aiki ya faɗi. Ƙa'idojin Traveller mutane suka rubuta, gaskiya ne, amma dabarar da ta fito ba ta cikin kan marubutan. Da tana ciki da ba su fusata ba, da ba su sauya dokoki sau ɗaya suka yi barazanar soke gasa ba. Rubuta ƙa'ida dabam, sanin duk abin da za ta haifa dabam. A duniyar halittu kuma ba a buƙatar alƙalin wasa ya faɗi wanda ya ci, domin wanda ya rayu ya hayayyafa ya riga ya ci.

Babbar tambayar kuwa wasan bai ko taɓa ta ba. Me ya sa akwai ƙa'idoji tun farko? Me ya sa duniya take da dokokin da ke ba rai damar samuwa? Babu manhajar da za ta amsa wannan, babu kuma madubin ɗakin gwaji da zai hango amsar. Shi ya sa ake samun masana irin su Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta taswirar ƙwayoyin gadon ɗan'adam, da shi Miller ɗin da ya ba da shaida a Dover, dukkansu masu imani da Mahalicci ne, kuma dukkansu sun yarda da juyin halitta. Wanda ya ce nasarar Eurisko ta kore Mahalicci ya ɗora wa wasa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wanda kuma ya jingina imaninsa a kan cewa kimiyya ba za ta taɓa bayyana wutsiyar bakteriya ba, ya gina ɗakinsa a bakin rafi, kullum yana fargabar binciken gobe.

Abin da ya shafe mu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar Turawa ce kawai. Mu ma mun ga tankaɗe da rairayar nan da idanunmu. Shekaru aru-aru zazzaɓin cizon sauro na tare da mu, kuma an daɗe kulorokwin na maganinsa. Amma duk lokacin da maganin ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar ya bar 'yan tsirarun da suka jure masa, su ne ke hayayyafa. A hankali maganin ya daina ci, har Najeriya ta sauya manufarta a 2005 ta koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atemisinin. Ƙwayar cutar ba ta da hankali, ba ta ƙulla wata dabara ba, kamar yadda jiragen Eurisko ba su san suna yaƙi ba. Ɗalibin likitanci ko na aikin gona da aka hana shi fahimtar wannan hanya, an tura shi fagen fama ba makami.

Akwai kuma darasi ga duk mai kafa doka. Wata rana Lenat ya tarar da ɗaya daga dabarun Eurisko ta samu maki fiye da kowacce. Da ya bincika sai ya ga ba ta gano komai ba. Abin da ta koya shi ne liƙa sunanta a jikin duk wani kyakkyawan sakamako da wasu suka samo. Ma'aunin da ya kafa shi ya haifi wannan ƙwaro, dole ya gyara ma'aunin. Lenat ya rasu a watan Agustan 2023, bayan ya shafe kusan shekaru 40 a kan wani aiki mai suna Cyc, yana ƙoƙarin koya wa kwamfuta abubuwan da kowane yaro ya sani ba tare da an faɗa masa ba. Irin wannan sani ne Eurisko ta rasa ranar da ta ga dacewar harbe jiragenta.