Kabarin da Babu Kowa a Ciki

Duk wanda ya saba bin hanyar Gwarzo, ya tashi daga Kabuga ya wuce Janguza da Rimin Gado ya ratsa ƙasar Kabo, ya san yadda fuskar garuruwan nan ta sauya. Inda a da ake hango zankwaye, yanzu kwano ne ke ƙyalli. Zauren da kaka ya gina da tubali, jika ya rushe shi ya jera shagunan bulo. Ni dai ban ga laifin kowa ba. Yaɓe duk shekara ba ƙaramin aiki ba ne, giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, magina masu ɗaurin guga kuma sun tsufa ba su bar magada da yawa ba. Amma ganin haka yakan tuno mini da wani Bature mai tsara gini, Edwin Lutyens, wanda ya fara sana'arsa da koyon ginin ƙauye, ya ƙare da gina wuraren tunawa da mamatan yaƙi. Bai taɓa aza tubali ko ɗaya a ƙasar Kano ba, amma labarinsa ya biyo ta ƙofar gidanmu.

An haife shi a Landan a 1869, ya tashi a wani ƙauye mai suna Thursley a yankin Surrey, kudancin Ingila. Rashin lafiya ya hana shi zaman makaranta irin na 'yan'uwansa, sai ya zama ɗan yawo tsakanin kafintoci da magina. An ce yakan riƙe ɓallin gilashi da guntun sabulu mai tsini, in ya ga gidan da ya ba shi sha'awa sai ya ɗaga gilashin ya bi layin ginin da sabulun, ya goge, ya ƙara gaba. Makarantarsa ta gaskiya ke nan: tsofaffin gidajen manoma da rumbunansu, waɗanda masu kuɗin zamanin ba su ɗauke su bakin komai ba.

A 1889, yana ɗan shekara ashirin, ya haɗu da Gertrude Jekyll, wadda ta girme shi da shekara ashirin da biyar. Mai zane ce da fenti, da idonta ya fara rauni sai ta koma shuka furanni, tana jera launinsu a ƙasa kamar yadda take yi a kan takarda. Ita ta ba shi aikin gidanta, Munstead Wood, wanda aka gama a 1897. Dutsen ginin na yankin ne, katakon daga itatuwan yankin, ma'aikatan ma 'yan yankin. Gidan sabo fil, amma mai wucewa sai ya ɗauka ya shekara ɗari biyu a wurin. Daga nan suka zama tamkar ɗan jumma da ɗan jummai: shi ya zana gida da matakala da hanyoyin ruwa, ita ta zaɓi abin da za a shuka. A lambun Hestercombe da suka tsara daga 1904, ruwa yana bin siraran magudanai na dutse a miƙe, abin da mai noman rani a fadama zai gane da kallo ɗaya, don haka yake kora ruwa daga fangali zuwa fangali. Bambancin kawai, namu lambun na tumatir da albasa ne, nasu na kallo.

Ba duk aikinsa ne ya tsira daga suka ba. Akwai wani katafaren gida na dutse, Castle Drogo, da ya gina wa wani attajirin ɗan kasuwa tsakanin 1911 da 1930. Ya yi masa rufi shimfiɗaɗɗe irin na soro, ya shafe shi da kwalta. Tun ginin bai tsufa ba ya fara yoyo, kuma a 'yan shekarun nan sai da aka kashe miliyoyin fam wajen toshe shi. Da ya shawarci Sarkin Magina na Kano, da ya gaya masa cewa soro ba ya zama lafiya sai da indararo mai kyau da makuba da dubawa kafin kowace damina.

Abin lura shi ne, a daidai shekarun da Lutyens ke ɗaukaka ginin ƙauyen Ingila, 'yan'uwansa Turawa da suka ci Kano a 1903 cikin ginin ƙasa suke kwana, wanda maginan Kano suka yi musu. Gidan Ɗan Hausa shaida ne. Nan Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, kuma gidan yana nan tsaye da bakan gizonsa da zanen bangonsa. Kafin su duka, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, ginin da masana daga ƙasashe suke zuwa aunawa. Wato abin da Lutyens ya je nema da gilashi da sabulu, mu a tsakar gida muke da shi.

Sai Yaƙin Duniya na Farko ya zo a 1914, ya sauya masa sana'a.

A ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu kafin faɗuwar rana. Gwamnati ta yanke cewa ba za a kwaso gawawwaki zuwa gida ba, inda mutum ya faɗi nan za a binne shi. Iyaye da matan aure suka rasa kabarin da za su ziyarta. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Birtaniya a ƙarƙashin Fabian Ware, aka ɗauki Lutyens cikin manyan masu tsara mata gini. Ƙa'idar da hukumar ta shimfiɗa mai kyau ce: janar da farabiti allon dutse iri ɗaya, tsawo ɗaya, ba a fifita mai kuɗi ko mai muƙami.

Lutyens ya ƙara da tasa hujjar. Malaman coci sun so a kafa gicciye a ko'ina, shi kuwa ya dage cewa cikin mamatan nan akwai Musulmi da Hindu da Yahudawa, bai kamata a rufe su duka da alamar addini ɗaya ba. Ya zana wani dogon dutse shimfiɗaɗɗe mai tsawon ƙafa 12, ba hoton mutum, ba alamar coci. Daga baya aka yi sulhu, manyan maƙabartu suka samu dutsen nasa da kuma gicciyen da wani abokin aikinsa, Reginald Blomfield, ya zana.

Aikin da ya fi fito da sunansa ya zo ne cikin gaggawa. Za a yi faretin murnar ƙare yaƙi a Landan ranar 19 ga Yuli 1919, aka ce ya samar da wani abu da sojoji za su sara wa a titin Whitehall. Ya zana doguwar hasumiya, a samanta siffar akwatin gawa, aka haɗa ta da katako da farar ƙasa da nufin a rushe bayan biki. Sunanta Senotaf, kalmar Girkanci mai ma'anar kabarin da babu kowa a ciki. Biki ya watse, jama'a suka ƙi watsewa. Kwana da kwanaki suna tururuwa suna ajiye furanni, kowace uwa tana ganin ɗanta ne a ciki, tunda ba a ce na wane ba ne. Dole aka sake gina shi da dutse, Sarki George na Biyar ya buɗe shi ranar 11 ga Nuwamba 1920. Ga wata gwaninta da ido ba ya kamawa: babu miƙaƙƙen layi a jikinsa. Gefunan sun ɗan karkata ciki, yadda da za a ja su sama da sun haɗu a wajen ƙafa dubu. Magini mai ɗora tubali ya san wannan sirrin, don shi ma katangarsa gindi ya fi kai kauri.

A Thiepval kuma, cikin Faransa, akasin haka ya yi. Ya ɗora baka a kan baka har ginin ya samu bango mai yawa, saboda yana neman wurin rubutu. Sunaye fiye da 72,000 aka sassaƙa, na waɗanda suka mutu a Somme ba a ga gawarsu ba. An buɗe shi a 1932. A Delhi ma, inda ya tsara fadar wakilin Sarkin Ingila wadda yau shugaban Indiya ke zaune ciki, ya gina babbar ƙofar tunawa mai sunaye sama da 13,000. Kada dai a ɗauke shi waliyyi. Wasiƙun da ya riƙa aika wa matarsa cike suke da raina Indiyawa da gine-ginensu. Mutumin da ya ga daraja a rumbun manomin Surrey ya kasa ganinta sosai a hannun wanda ba fatarsu ɗaya ba.

To, ina namu?

Rundunar Najeriya ta yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da dutsen Mora, sannan aka kwashe ta a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, inda ta sha wuya ƙwarai a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Mutanen Arewa ne ƙashin bayan rundunar, Hausa ce harshen bariki. Bayan masu bindiga akwai 'yan dako, waɗanda ake karɓowa ta hannun hakimai da dagatai, su ɗauki harsashi da abinci a ka, yunwa da cuta suna kashe su fiye da harsashi. A yaƙin Hitila kuma aka kai su Habasha, aka kai su Boma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Waccan ƙa'ida ta allo iri ɗaya ga kowa ba ta ƙetaro teku da ƙarfinta ba. A watan Afrilu 2021 hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gwalkwas, Ghana ta yau, wanda a 1923 ya nuna cewa wai baƙar fata ba zai san darajar allon kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa. Akwai wuraren tunawa a Zariya da Lokoja masu ɗauke da sunayen wasu sojojin, amma ɗan dako da wuya ya samu ko layi ɗaya.

Mu ma ba mu yi abin a zo a gani ba. Barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya sunayensu daga yaƙin Boma suka samo asali. Mun riƙe sunan dajin da aka mutu, mun saki sunan wanda ya mutu. Kowace 15 ga Janairu manya sukan taru don tunawa da sojojin da suka mutu, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse, ba a ambaci ɗan kowa ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ina tare da shi. Mu Musulmi ba ma gini a kan kabari, ba ma sassaƙa gunki. Kabarin sarki da na talaka a wurinmu tudun ƙasa ne da 'yan katangun tukunya, daidaiton da Turawa sai a 1917 suka yi masa doka. Ba kira nake a kafa hasumiya a tashar Gwarzo ba. Amma rubuta suna ba gini a kan kabari ba ne. Mu ne masu haddace salsalar malamai da jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Wanda aka san sunansa ana yi masa addu'a da sunansa, jikokinsa kuma su san inda kakansu ya kwanta.

Hanyar ma ba ta da wuya. Magatakardan soja na wancan zamani sukan rubuta mutum da sunansa da na garinsu, shi ya sa rajistar take cike da masu laƙabin Kano da Katsina da Sakkwato da ƙananan garuruwa. Hukumar kaburburan ta sa rajistarta a intanet kyauta, har da sunaye kusan 27,000 da ke jikin ginin tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. Ɗalibin sakandare mai waya a hannu zai iya rubuta sunan garinsu ya ga abin da zai fito. Sauran aikin na baki ne. A garuruwanmu har yanzu akan ji gidan da ake kira gidan Saja ko gidan Kofur, akan samu tsohuwar da ta san wanda ya tafi bai dawo ba, akan tarar da lambar yabo a ƙasan adaka.

Ina roƙon malaman tarihi na makarantun Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, da masu unguwanni da dagatai, su sayi littafi mai bango mai ƙarfi, su bi gida gida. A rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, da unguwarsu, da yaƙin da ya je, da ko ya dawo. In an gama, a ajiye kwafi a fadar hakimi. In kuma akwai tsohon zaure mai azara da ya rage a garin, a yaɓe shi kafin damina, a ajiye littafin a ciki.