Kafin Ka Biya Wani Ya Nemo Maka Takardun Tarihi A Turai

Tun da muka fara sa ɗaliban kwalejinmu su rubuta tarihin garuruwansu, da wuya mako ya wuce wani malami ko akawu bai zo mini da tambaya ɗaya ba, watau wai gaskiya ne Turawa sun kwashe takardun ƙasar nan sun kai Ingila? In kuwa haka ne, wa za a biya ya nemo su? Amsar tana da ɗan tsawo, kuma ni kaina sai da na yi asarar kuɗi kafin na san ta.

Lalle akwai takardunmu a ƙasashen nesa. A unguwar Kew ta birnin Landan akwai babban gidan ajiyar takardun Gwamnatin Ingila. Can aka ajiye wasiƙun da Gwamna Lugga da magadansa suka riƙa aika wa Ofishin Mulkin Mallaka kafin a haɗa Arewa da Kudu a 1914, an ɗaure su littafi littafi a ƙarƙashin lamba CO 446. Abin da ya fi armashi a cikinsu shi ne ra'ayoyin da ma'aikatan Landan kan rubuta a takardar da ke bisa wasiƙa, inda sukan faɗa wa junansu abin da ba su faɗa wa Gwamna ba. A Faris kuma akwai littattafan Larabci da Faransawa suka kwasa a Segu a 1890, daga gidan Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi. Da yake Alhaji Umaru ya yi shekaru a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello, ba abin mamaki ba ne da aka sami wallafe-wallafen malaman Sakkwato a cikinsu.

To, wanda ba shi da halin zuwa fa? Akwai mutane a can waɗanda sana'arsu ke nan. Su ba ma'aikatan gidan ba ne, kansu suke yi wa aiki. Ka aika musu da tambaya, su shiga su duba, su ɗauko maka hoton takarda, ka biya su ladan awa ko na yini. Gidan Kew yana da jerin sunayen irin waɗannan mutane, amma ba ya tsaya wa kowa a kan kyan aikinsa. A lura kuma, lokacinsa kake saya. Ko ya samo, ko bai samo ba, sai ka biya.

Ga yadda ta kasance da ni. Wata shekara muka so mu san ranar da aka buɗe makarantar elementare ta farko a garin da kwalejinmu take, da sunan malaminta na fari, don dattawa biyu sun yi ta gardama a kai, kowa yana cewa kakansa ne. Na ɗauki wani mai bincike a Landan, ya yi kwana uku yana juya littattafai. Abin da ya aiko mana shi ne jimlar makarantu da ta yara a lardin gaba ɗaya, ko sunan garinmu babu. Ba laifinsa ba ne, ni na aike shi kasuwar da ba a sayar da abin. Gwamna ba ya damun Landan da zancen makarantar ƙauye. Irin wannan magana tsakanin Di'o da Razdan da Sakatariya take ƙarewa, takardunsu kuwa ba su ƙetare teku ba. Suna nan Kaduna, a Gidan Ajiyar Takardu na Ƙasa, waɗansu a jerin SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa, waɗansu a jerin larduna kamar Kanoprof da Sokprof da Zarprof. Rahotannin ƙiyasin haraji da jami'an mulki suka rubuta gunduma gunduma ma can suke, da jerin hakimai, da yawan mutane, da abin da ake nomawa. Ga kuma Arewa House, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Firimiya Sardauna. Mai neman tarihin garinsu ya fara da waɗannan tukuna.

In an ƙare da gida, aka ga lalle sai an leƙa waje, to, a taƙaita tambaya. Kada a ce wa mutum ya nemo tarihin Katsina, zai cinye kuɗinka yana karatu. A ba shi shekara, da sunan jami'i, da al'amarin da ake nufi. A gaya masa kuma yadda Turawa kan rubuta sunayenmu, gama Kilafatan da ya zo wurin Bello a 1824 Sackatoo ya rubuta, Katsina kuwa Kashna, Gwandu ma an daɗe ana rubuta ta Gando. Baƙon da bai san wannan ba zai wuce takardar da kake nema yana kallonta.

Abu guda ne ba na sassautawa a kansa. Kada ka yarda da taƙaitawar mai bincike, komai amincinsa. Ka ce hoton takardar kake so duka, da gefenta, da bayanta, da lambar da aka ajiye ta, don wani ya iya zuwa bayanka ya duba. In da Larabci ko ajami a ciki, kai za ka kai wa malaman gida su karanta. Yawancin abin da Bature ya rubuta game da sarautunmu ta bakin tafinta ya ji shi, tafinta kuwa yakan kasance yana da nasa gwani.

Zancen makarantarmu, wani tsohon ɗalibinmu da ke aiki a Kaduna shi ya warware shi, cikin yini biyu, a fayil ɗin lardi. Malamin fari ba kakan ko ɗaya daga cikin dattawan nan ba ne, baƙo ne da aka turo daga wani gari. Sai da na yi mako guda ina shawara kafin na kai musu hoton takardar.