Gyaran birki a ƙofar gida: 'yan kasuwar Adar, a yi hattara

Duk mai bin kasuwannin Adar ya san halin da motocin ɗaukar kaya ke ciki. Daga Barmu zuwa babbar kasuwar Tawa ta ranar Lahadi, ana loda wa Hilux ko tsohuwar Land Cruiser buhunan gero da wake, a ɗora awaki, sannan mata da maza su hau bisa kaya. Hanyoyin jar ƙasa masu gargada su ne ke fara cinye ƙafafun mota, kafin ma ta hau kwaltar nan ta Tawa zuwa Agadas.

Abu biyu ne suka fi shan wahala. Na farko sifirin da shakizoba, masu riƙe nauyi su hana mota tsalle. Na biyu birki. Saboda tsadar gareji, direbobi da yawa su da yaran mota ke canza su a ƙofar gida. Canza takalmin birki ba ya gagarar mai hankali, amma aikin yana da ƙa'ida.

Idan kaurin takalmin birki ya ragu zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Kuma ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya, dama da hagu tare ake yi, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe idan an taka. Haka ma shakizoba. Wanda ya mutu yana sa taya ta riƙa barin ƙasa a kan gargada, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba, birki ba ya da iko da ita. Bayan an gama, sai a tattaka birki har ya yi tauri kafin a motsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan rairayi.

Babban haɗari yana wajen man birki. Gwangwanin da aka rubuta DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Ruwa a 100 yake tafasa. Shi ya sa mai zuba ruwan sabulu a madadinsa yake wasa da rayuka, don a gangara ƙafa za ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Man inji kuwa kumbura robobin ciki yake yi. Man birkin kansa yana shan laima, shi ya sa ake son a sabunta shi duk shekara 2. Idan iska ta shiga bututu, ko mai yana yoyo, wannan aikin makaniki ne, ba na gida ba.

To, ina ruwan 'yar kasuwa da wannan? Ai ita ce a bisa kaya, jarinta kuma yana ƙarƙashinta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Saboda haka Hajiya, kafin ki hau, duba ki gani. Motar da ta karkace gefe ɗaya tun ba a loda ta ba, sifirinta ya gaji ko ya karye. Danshin mai a cikin taya alamar yoyo ce. Ƙarar ƙarfe idan an taka birki na nufin takalmi ya ƙare. Direban da ke taka birki sau uku kafin ya tsaya, a ce masa ya sauke mutane. Idan ya ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ninki 4 take zama.

Gara a rasa kasuwar mako ɗaya da a rasa mai cin kasuwar. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.