Ɗinkin 'Yar Tsana a Tsakar Gida

Uwargida, ƙyallayen da suka rage bayan ɗinkin sallah kada ki zubar. A nan Furana, tsakanin ɗora tukunya da tuƙa tuwo, za ki iya yanka wa 'yar tsanar ɗiyarki riga. Ƙaramin kaya ba ya ɓoye karkata, don haka allurar hannu ta fi keke. Zaɓi yadi marar kauri mai ƙananan zane, ki siranta kalmasa, ki sa shafi, ki goge kowane ɗinki kafin na gaba. Da irin wannan aiki Haneefah Adam 'yar Ilorin ta yi suna a 2016, tana ɗinka wa Barbie hijabi. Idan wuyan rigar ya zauna, to ki tunkari atamfarki mai tsada da almakashi.