Haɗa Amalanken Katako da Noti

Idan amalanke ya karye a tsakiyar kaka, masara da dawar manomin Kontagora kan kwana a gona. Wanda aka haɗa da ƙusa yakan saki a hanya mai gargada, amma wanda aka ɗaure da noti, katakon da ya karye kawai za a kwance a sauya.

A samo busasshen katakon maɗaci ko doka: dogaye 2 masu ƙafa 6, gajeru 4 masu ƙafa 3. A gitta gajerun bisa dogayen, a huda kowace mahaɗa kafin a zura noti, don kada katakon ya tsage. A shafa baƙin mai saboda gara. Kowane mako a bi notunan da sifana a ƙara matse su.